Yadda Ake Gano Adireshin IP na Rawutar Gida, Mataki-Mataki

Duk wanda yake son canza kalmar sirrin Wi-Fi, ko ya ga wayoyin da ke shan masa data, ko ya toshe wata na'ura, ko ya gyara saitin layin intanet, dole sai ya shiga shafin saitin rawuta, na'urar da ke raba Wi-Fi a gida. Hanyar shiga shafin kuwa ita ce adireshin IP na rawutar, wato lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.168.1.1. Tambayar da ake ta maimaitawa ita ce: ina zan ga nawa? Yawancin mutane kintata suke yi, su gwada wannan lamba su gwada waccan har su gaji. Ba a bukatar haka. Duk wayar ko kwamfutar da ke haɗe da rawuta ta riga ta san adireshin, domin ta nan take bi duk lokacin da za ta fita intanet. Aikinka kawai ka san inda ta rubuta shi, kuma ka tabbata rawutar da kake nufi ce take haɗe da ita.

## Abin da za ka tanada

Waya ko kwamfuta guda ɗaya, da rawutar a kunne. Idan kana da kebul na intanet, irin mai kan roba da ake cusawa a bayan rawuta, ka ajiye shi kusa, zai yi amfani idan Wi-Fi ya ƙi. Aikin ba ya cin ko kwabo, ba ya kuma bukatar data: ko kuɗin intanet ɗinka ya ƙare, shafin rawuta zai buɗe, saboda a cikin rawutar yake zaune, ba a intanet ba. Kada ka biya kowa kuɗin manhajar nemo adireshi. Abin da irin waɗannan manhajojin ke nuna maka, wayarka tana nuna shi kyauta.

## Mataki na 1: San adireshin da kake nema

Rawuta tana da adireshi biyu. Ɗaya na cikin gida, wanda wayoyinka da kwamfutocinka ke ganinta da shi. Ɗaya na waje, wanda kamfanin da ke ba ka intanet ya ba ta. Na cikin gida ne ke buɗe shafin saiti, kuma a allon na'urori za ka gan shi da sunan Default Gateway, ko Gateway, ko Router.

Adireshin cikin gida ba ya wuce gidaje uku: wanda ya fara da 192.168, wanda ya fara da 10, da wanda ya fara da 172.16 har zuwa 172.31.

Gargaɗi: idan ka tambayi Google adireshin IP ɗinka, na waje zai ba ka. Wannan lambar ba ita ce ta shiga saiti ba, kuma nan ne mutane da yawa ke fara ɓata hanya.

## Mataki na 2: Haɗa na'urarka da rawutar

1. Kunna rawutar ka ba ta minti biyu zuwa uku ta gama tashi, har fitilunta su tsaya.
2. Haɗa waya ko kwamfuta da Wi-Fi ɗinta. Duba sunan da kyau, ka tabbata ba na maƙwabci ba ne ko na wata wayar da ke raba data.
3. A waya, kashe datar sim. Idan Wi-Fi ɗin ba shi da intanet, wasu wayoyin sukan koma kan datar sim a ɓoye alhali alamar Wi-Fi tana nan, sai shafin ya ƙi buɗewa. Idan wayar ta tambaye ka ko ta ci gaba da zama a kan Wi-Fi marar intanet, ka amince.
4. Kashe VPN, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wata hanya daban, idan kana da shi.

Idan da kebul za ka haɗa, cusa shi a ramin da aka rubuta LAN, mai lamba 1, 2, 3 ko 4. Ramin da aka rubuta WAN ko Internet, wanda galibi launinsa daban yake, na shigowar intanet ne. In ka sa kwamfuta a nan ba za ta samu adireshi ba.

Gargaɗi: kada ka shiga ta Wi-Fi na baƙi, wanda sunansa kan ƙare da Guest. Rawutoci da yawa an yi su ne su hana mai wannan layin isa shafin saiti, ko da adireshin da ya rubuta daidai ne.

## Mataki na 3: Juya rawutar ka karanta sitika

A ƙarƙashin rawuta ko bayanta akwai sitikar kamfani. A ƙaramar rawutar aljihu mai batiri, sau da yawa sai ka cire murfin baya, wani lokacin har da batirin, kafin ka gan ta. Nemi layin da aka rubuta IP, ko Default Access, ko Router Login. A nan kusa za ka ga sunan shiga da kalmar sirrin saiti. Ɗauki hoton sitikar gaba ɗaya, za ka bukace ta a gaba.

Ga adireshin da wasu kamfanoni suka saba sa wa:

- TP-Link, Tenda da D-Link: galibi 192.168.0.1, wasu samfuran TP-Link kuma 192.168.1.1
- Linksys da Netgear: galibi 192.168.1.1
- ASUS: tsofaffi 192.168.1.1, sababbi da yawa 192.168.50.1
- Huawei mai amfani da sim: 192.168.8.1, na layin faiba kuma sau da yawa 192.168.100.1
- Xiaomi: 192.168.31.1
- MikroTik: 192.168.88.1
- FRITZ!Box: 192.168.178.1

Wasu kamfanonin suna rubuta suna a madadin lamba: tplinkwifi.net, tendawifi.com, routerlogin.net na Netgear, miwifi.com na Xiaomi. Waɗannan sunaye rawutar ce da kanta take amsa su, don haka suna aiki ne kawai idan kana haɗe da ita. Idan ka sa wani DNS na daban a wayarka, wato abin da ke fassara sunan shafi zuwa lamba, sunan zai iya ƙin kai ka, lamba kuwa ba ruwanta da wannan.

Gargaɗi: sitika tana gaya maka adireshin da rawuta ta fito da shi daga masana'anta ne kawai. Idan wanda ya haɗa maka ya canza shi, ko kamfanin intanet ya sa nasa tsarin, ko rawutar ta sauya da kanta don ta ga wata na'ura a gabanta tana amfani da irin lambarta, to sitika ta zama tsohon labari. Shi ya sa mataki na gaba ya fi kowanne muhimmanci.

## Mataki na 4: Tambayi na'urar da ke hannunka

### Windows

1. Danna maɓallin Windows tare da R.
2. Rubuta cmd ka danna Enter. Baƙin allo zai buɗe.
3. Rubuta ipconfig ka danna Enter.
4. Nemi sashen da ya dace da yadda ka haɗa: Wireless LAN adapter Wi-Fi idan ta Wi-Fi ne, Ethernet adapter idan ta kebul ne.
5. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce adireshin rawuta.

Nan wurin yana bukatar natsuwa, domin ipconfig yakan jero sassa da yawa. Waɗanda aka rubuta Media disconnected a gabansu ba sa aiki, tsallake su. Waɗanda ke ɗauke da sunan VirtualBox, VMware, vEthernet ko na manhajar VPN ba na rawutarka ba ne, na bogi ne da manhajoji suka ƙirƙira a cikin kwamfutar. Kuma kada ka ɗauki layin IPv4 Address: wannan adireshin kwamfutarka ne, ba na rawuta ba.

Wani lokaci a gaban Default Gateway za ka ga dogon rubutu mai haruffa da lambobi da ya fara da fe80. Wannan na IPv6 ne, wani sabon tsarin adireshi. Duba layin da ke ƙarƙashinsa kai tsaye, a nan lambar mai kashi huɗu take.

Wanda ba ya son baƙin allo: danna Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna sau biyu a kan haɗin da kake amfani da shi, sannan ka danna Details. Nemi IPv4 Default Gateway.

### Mac

Hanya mafi sauri: riƙe maɓallin Option ka danna alamar Wi-Fi da ke saman allo. Za ka ga layin Router da lambar a gabansa. Ko kuma ka shiga System Settings, Wi-Fi, Details, TCP/IP. A Terminal, rubuta route -n get default ka karanta layin gateway.

### Linux

Buɗe Terminal ka rubuta ip route. Layin da ya fara da default via, lambar da ke biye da shi ita ce.

### iPhone da iPad

Shiga Settings, Wi-Fi, ka taɓa ƙaramin harafin i da ke cikin da'ira a gaban sunan Wi-Fi ɗin da kake kai. Gangara ƙasa zuwa layin Router.

### Android

Android ce ta fi ba mutane wahala, saboda kowane kamfani da yadda ya jera saitinsa. Tushen dai ɗaya ne:

1. Shiga Settings, sannan Wi-Fi. A wasu wayoyin yana ƙarƙashin Network & internet, a Samsung kuma ƙarƙashin Connections.
2. Taɓa sunan Wi-Fi ɗin da kake kai, ko alamar saiti ko kibiyar da ke gefensa.
3. Idan akwai Advanced ko View more, buɗe shi.
4. Nemi Gateway ko Router.

Idan wayar ta nuna adireshinta kawai ba ta nuna Gateway ba, akwai dabara. Nemi IP settings, wanda yake kan DHCP, wato tsarin da rawuta ke raba adireshi da kanta, ka mayar da shi Static, wato sa adireshi da hannu. Akwatunan za su bayyana, har da na Gateway. Karanta lambar, ka rubuta ta a takarda, sannan ka danna Cancel.

Gargaɗi: kada ka danna Save a nan. In ka adana Static, wayar za ta maƙale wa lamba ɗaya, kuma ranar da rawuta ta ba wata na'ura wannan lambar, ko aka canza tsarin adireshi, Wi-Fi zai haɗu amma intanet ba zai zo ba. Sannan ka lura, a wasu wayoyin abin da ke cikin akwatin misali ne kawai da aka rubuta da dusasshen launi, ba ainihin adireshin ba. Gwada shi da ƙa'idar da ke mataki na gaba kafin ka yarda da shi.

## Mataki na 5: Auna lambar da ka samu

A tsarin gida na yau da kullum, inda Subnet Mask yake 255.255.255.0, kashi ukun farko na adireshin na'urarka da na rawuta iri ɗaya ne. Idan wayarka tana kan 192.168.0.105, rawuta tana kan 192.168.0 da wata lamba a ƙarshe, galibi 1, wani lokaci 254. Idan wayarka tana 192.168.8.100 kai kuma kana ta buga 192.168.1.1, shafin rawutar da kake haɗe da ita ba zai buɗe ba.

Wasu lambobin kuma alamar matsala ce:

- Adireshin na'urarka ya fara da 169.254, wurin Gateway kuma babu komai. Ma'anarsa na'urar ta nemi adireshi daga rawuta ba ta samu ba, sai ta ba kanta. Dalilan da aka fi gani: kebul ya lalace ko yana ramin WAN, rawuta ba ta gama tashi ba, ko an kashe DHCP a cikinta. Kashe rawutar ka kunna, sannan a Windows ka rubuta ipconfig /release, ka bi shi da ipconfig /renew.
- Gateway ya nuna 172.20.10.1. Kana kan datar da wata iPhone ke rabawa ne. Wayoyin Android masu raba data su ma sukan ba da lamba mai farawa da 192.168, tsofaffinsu 192.168.43.1. Waɗannan ba su da shafin saiti; koma kan Wi-Fi na rawuta.
- An taɓa sa wa kwamfutar adireshi da hannu, kamar yadda ake yi a ofisoshi. To abin da za ta nuna maka shi ne abin da aka rubuta mata, ba abin da rawutar gida ta ba ta ba. Mayar da saitin IPv4 kan karɓar adireshi kai tsaye, sannan ka sake dubawa.

Don ka tabbatar, a kwamfuta rubuta ping da sarari sannan lambar, misali ping 192.168.0.1. Idan ka ga Reply from tare da lokaci na 'yan milisakan, rawutar tana amsawa.

## Mataki na 6: Buɗe shafin a burauza

Buɗe Chrome, Firefox, Safari ko Edge, ka rubuta lambar a dogon akwatin adireshi da ke can sama, ba a akwatin binciken Google da ke tsakiyar shafi ba. Idan burauzar ta kai ka sakamakon bincike, sa http:// a gaban lambar, kamar http://192.168.0.1.

Kurakuran rubutu su ne rabin matsalar wannan mataki. Harafin l ko I a wurin lamba 1, harafin o a wurin sifili, waƙafi a wurin ɗigo, sarari bayan ɗigo wanda kibod ɗin waya kan sa da kansa, ko ƙara www a gaba da .com a baya. Ko ɗaya daga cikinsu ya isa ya hana shafin buɗewa.

Gargaɗi mai nauyi: akwai shafuka a intanet da aka yi su da sunaye masu kama da adireshin rawuta don kama masu kuskuren rubutu. Shafin rawutarka na gaskiya ba ya ɗauke da tallace-tallace, kuma akwatin adireshi zai ci gaba da nuna lambar da ka rubuta ko sunan da ke kan sitika. Idan ka ga talla ko dogon bayani, kada ka rubuta kalmar sirri a wurin.

Burauza za ta iya cewa haɗin ba amintacce ba ne. Ga adireshin cikin gida wannan ba abin tsoro ba ne: rawutoci da yawa da kansu suke sa hannu a takardar shaidar tsaronsu, burauza kuma ba ta san su ba. Danna Advanced ka ci gaba, muddin lambar ita ce wadda ka samu a mataki na 4.

Kalmar sirrin da shafin zai nema ta saiti ce, ba lallai ta zama ta Wi-Fi ba. Duba hoton sitikar. Tsofaffin rawutoci da yawa admin ne sunan shiga, admin ne kalmar sirri. Sababbi kan sa ka ƙirƙiri taka a shigar farko. Kada ka yi ta gwaji barkatai, wasu sukan kulle shiga na ɗan lokaci bayan kuskure kaɗan. Idan ka tarar har yanzu admin ce, canza ta kafin ka taɓa komai, domin duk wanda ya samu Wi-Fi ɗinka zai iya shiga ya juya maka saiti.

Wasu na'urori, irin su Google Nest Wifi da eero, ta manhajar waya ake saita su. Za ka ga adireshinsu a Gateway, amma ba za ka samu shafin saiti irin na sauran ba.

## Mataki na 7: Idan na'urori biyu ne a gidan

Wannan shi ne wurin da ko waɗanda suka saba kan rikice. Gateway yana nuna na'urar da ke raba adireshi ne, ba lallai akwatin da ke kusa da kai ba.

Hali na farko: kamfanin intanet ya sa nasa akwatin, kai kuma ka jona taka rawutar a bayansa ta ramin WAN. Idan kana kan Wi-Fi na taka, Gateway zai nuna taka. Don samun adireshin akwatin kamfani, shiga shafin taka rawutar, buɗe Status ko WAN, ka karanta Gateway na can. Ko a Windows ka rubuta tracert -d 8.8.8.8. Layin farko rawutarka ce, layi na biyu kuma, idan ya fara da 192.168, galibi akwatin kamfanin ne. Idan ya fara da 10, zai iya zama na'urar kamfanin ce a can wajensu, don su ma suna amfani da irin waɗannan lambobi.

Gargaɗi: kada na'urorin biyu su zauna a kan tsari ɗaya. Idan dukansu 192.168.1.1 ne, intanet zai iya ƙin wucewa, kuma ɗaya kawai za ka iya buɗewa. Canza taka rawutar zuwa 192.168.2.1 a sashen LAN. Da zarar ka adana, shafin zai yanke. Wannan daidai ne. Cire Wi-Fi ka sake haɗawa, ka shiga da sabuwar lambar, ka kuma rubuta ta a jikin rawutar.

Hali na biyu: na'ura ta biyun mai ƙara nisan Wi-Fi ce, ko rawuta ce da aka mayar Access Point, wato mai watsa Wi-Fi kawai ba tare da raba adireshi ba. A nan ko kana haɗe da ita, Gateway babbar rawuta zai nuna, domin ita ƙaramar karɓar adireshi take yi kamar kowace waya. Shiga shafin babbar, buɗe jerin na'urorin da ke haɗe, wanda ake rubutawa DHCP Clients, Attached Devices ko Connected Devices. Nemi sunanta. In babu suna, kwatanta lambar MAC da ke kan sitikarta, mai haruffa da lambobi 12, da waɗanda ke cikin jerin. Adireshin da ke gabanta shi ne nata. Masu ƙara nisa na TP-Link kafin a saita su suna kan 192.168.0.254 ko tplinkrepeater.net, amma bayan sun haɗu da babbar rawuta lambar takan canza.

## Adireshin waje, ga mai bukatarsa

Mai son kallon kyamarar tsaro daga nesa ko buɗe ƙofar wata manhaja a rawuta don a iso ta daga waje shi ke bukatar wannan. Duba WAN IP a shafin Status na rawuta, sannan ka kwatanta da abin da shafukan nuna IP suka ba ka, VPN a kashe. Idan sun zo ɗaya, adireshin waje a hannun rawutarka yake. Idan sun bambanta, musamman idan na rawuta yana tsakanin 100.64 da 100.127 ko ya fara da 10, kuma babu akwatin kamfani a gaban rawutarka, to kamfanin ya haɗa ku da yawa a kan adireshi ɗaya, abin da ake kira CGNAT, kuma ya zama ruwan dare a layukan sim. A irin wannan hali buɗe ƙofa a rawuta ba zai yi aiki ba sai kamfanin ya ba ka adireshin waje naka.

## Mataki na 8: Riset, idan komai ya ƙi

Riset zai mayar da adireshi da kalmar sirri yadda suke a kan sitika, amma zai share duk abin da aka saita: sunan Wi-Fi, kalmar sirrinsa, da bayanan haɗuwa da kamfanin intanet. Idan layinka yana amfani da PPPoE, wato sunan shiga da kalmar sirri da kamfani ya ba ka, ko APN, wato saitin haɗuwa na layin sim, da aka sa da hannu, ka tabbata kana da su a rubuce tukuna. In ba haka ba, za ka samu shafin saiti amma ka rasa intanet. Idan akwatin na kamfanin ne, kira su kafin ka taɓa maɓallin, don wasu saitin su kaɗai ke iya mayar da su.

1. Bar rawutar a kunne.
2. Nemi ƙaramin ramin da aka rubuta Reset, ka cusa tsinke ko bakin allura.
3. Riƙe kimanin sakan 10, har fitilu su yi ƙyaftawa ko su mutu, sannan ka saki. A rawutocin da maɓalli ɗaya ke aikin WPS da Reset, gajeren dannawa WPS kawai yake kunnawa, wato hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba.
4. Kada ka zare wuta yayin da take tashi. Jira minti biyu zuwa uku.
5. Haɗa da sunan Wi-Fi da kalmar sirrin da ke kan sitika. Idan sunan bai canza ba amma wayar ta ƙi haɗuwa, sa ta manta da tsohon haɗin, ka sake rubuta kalmar sirrin sitika.
6. Maimaita mataki na 4. Lambar da za ka gani yanzu ya kamata ta yi daidai da ta sitika; idan ba ta yi ba, to wata na'ura ce a gidan ke raba adireshi, sai ka zare kebul ɗin da ke haɗa su, ka jona kwamfutarka da wannan rawutar ita kaɗai ka sake dubawa.